Ɗigo Uku na Masta Zibrim

Duk wanda ya taɓa kai babur gyara a Salaga ya san rumfar Masta Zibrim, wadda take gindin darbejiya a kan hanyar Kpembe, daura da masu suyar ƙosai. Rumfar ba ta da allon suna. Ya ce wanda bai san inda yake ba, bukatarsa ba ta kai ba tukuna. Shekarunsa hamsin da bakwai a kan kati, sittin da ɗaya a bakin yayarsa, kuma na yayar muke ɗauka don ita ta goya shi.

Bahaushe ne irin waɗanda kakanninsu suka zo fataucin goro, ruwan rijiyoyin Salaga ya karɓe su, suka ajiye kaya. Mahaifinsa dillalin shanu ne, ya so ɗan ya gaje shi. Amma ranar da aka aiki Zibrim ya raka saniya kara, sai ya tarar ana kwance injin niƙa a hanya. Ya tsaya kallo. Saniyar ta kai kanta kasuwa. Bayan wannan aka haƙura aka sa shi a mota zuwa Magazin, unguwar masu gyaran mota ta Kumasi, yana ɗan shekara sha bakwai.

A can ya faɗa hannun wani dattijo, Masta Abdul-Rashid, wanda har yau Zibrim ba ya ambatar sunansa sai ya bi shi da addu'a. Dattijon yana da wata ɗabi'a da ban ji ta a wurin wani fita ba, wato makaniki. Duk wanda ya zo koyon aiki yakan ba shi alamar ɗigo, wadda zai riƙa bugawa da ƙusa mai tsini a jikin duk ƙarfen da ya yi wa aiki da hannunsa, ya yanke ko ya goge ko ya daidaita. Ɗigo ɗaya na Masta ne. Biyu ya tafi ga wani Abdul-Wahid, ɗan Yendi, wanda ya riga Zibrim zuwa da kwana tara. Zibrim ya samu uku. Doka kuma guda ce. Ƙarfen da ka ga alamar ɗan'uwanka a kai, ba ka cire shi ka jefar, ko da a idonka ya gama aiki. Mai alama shi ya san dalilin da ya sa ya yi shi haka, a mayar masa, shi zai cire da hannunsa.

Kwana taran nan ne suka sa Zibrim ya shekara shida yana kiran Abdul-Wahid da Siniya, yana ɗauko masa ruwan wanke hannu. Yau shekara arba'in da ɗoriya, bai yafe wa motar da ta lalace da shi a hanya ta cinye masa kwanakin ba. Kowa ya koma garinsu ya kafa rumfa. Suna gaisawa da Sallah, ta bakin direbobi.

Mutumin kirki ne, wannan babu gardama. Ba ya sa wa mutum tsohon kaya ya ce sabo ne, kuma idan babur ɗinka ya mutu a daji zai bar abinci ya biyo ka. Aibinsa kishi. Ba kishin mace ba. Matarsa Fadilatu, mai koko a bakin tasha, ta ce shekara talatin da aurensu bai taɓa tambayarta wanda ya yi mata murmushi a kasuwa ba, har abin yakan ɗan ɓata mata rai. Kishin inji yake yi. Injin da ya taɓa buɗewa ya zama nasa, kai mai shi aro kake hawa. Akwai wani malamin makaranta da fulogi ya mutu masa a Tamale ya sa aka canza. Da ya dawo, Zibrim ya duƙa ya dubi fulogin, ya dubi malamin, ya tambaye shi ko a Tamale babu masu tura babur ne. Malamin ya ce daga Tamale zuwa Salaga fa. Zibrim ya ce ai hanyar yanzu kwalta ce.

A cikin duk injinan garin kuwa babu wanda ya kai masa Hajiya.

Hajiya motokin ce, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta amininsa Issah, Bagwanje mai fataucin doya. An sa mata sunan ne saboda faɗinta da kuma yadda ba ta gaggawa don kowa. Shekara goma sha ɗaya tana shiga gonakin Kafaba da Kalande tana fito da doya zuwa inda manyan motocin Accra suke lodi, kuma tun ranar da aka kawo ta babu sifanar da ta taɓa ta sai ta Zibrim. Shekara takwas da suka wuce ta yi zafi a hanya har kan injin ya karkace. Kowa ya ce a saya sabo. Zibrim ya shimfiɗa sanfefa a kan gilashin tsohuwar taga, ya yi kwana biyu yana goga kan har ya miƙe, ya yi wasu 'yan dabaru a ciki da bai gaya wa kowa ba, ya ɗaure. Hajiya ta tashi. Daga ranar yake faɗin cewa Issah ya saye ta amma shi ya haife ta.

Kullum bayan asuba Issah yakan tsaya a rumfar, ba don gyara ba. Fadilatu ta aiko da koko kofi biyu, su zauna a benci ɗaya suna kallon hanya, Hajiya tana huci a gefe, Zibrim yana sauraronta da kunne ɗaya, yana sauraron Issah da abin da ya rage.

Bara harka ta buɗe wa Issah, lodi ya ƙaru, Hajiya ta fara nishi a hawan tudu. Surukinsa Jalil, mijin 'yarsa, yana fataucin albasa a Bawku, yana shiga kasuwannin kan iyaka. Don ya faranta wa suruki, sai ya aiko masa da kwali ɗauke da sabon kan inji mai manyan bawul da sabon kamshaf, wai masu motokin na can duk su suke sawa, injin ya riƙa ja kamar an ƙara masa doki. Issah ya rungumo kwalin ya kawo rumfa yana murna.

Zibrim bai taɓa kwalin da hannu ba. Da yatsan ƙafa ya ɗaga murfin ya leƙa. Ya tambayi wanda ya ce Hajiya tana bukatar sabon kai, da kuma yaushe mai albasa ya fara duba marasa lafiya. Ya ce Hajiya ba yarinya ba ce da za a canza mata kai don an ga na wasu. Gaskiyar magana kayan masu kyau ne, ya kuma gani. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne an yi shawara a kan Hajiya tsakanin Salaga da Bawku, ta waya, shi yana nan zaune ba a neme shi ba. Kuma tsohon kan da za a cire shi ne wanda ya goga kwana biyu.

Issah ya yi lallashi mako guda. Ya kawo doya mai daɗin nan, laribako, ƙwarya guda gidan Fadilatu. An ci doyar, kwalin bai motsa ba. Sai aka yi rasuwa a dangin matar Issah a Yendi, ya ɗora mata da tukwane a bayan Hajiya suka bi ta Bimbilla. Kwalin yana ƙarƙashin tukwanen.

A Yendi Abdul-Wahid ya zama babban mutum. Shagonsa na bulo ne, da allon suna mai hoton fistin, yana da ma'aunin ƙarfe mai nuna lamba a gilashi, ana ma ɗaukarsa a waya yana bayani mutane suna kallo har a Kumasi. Zibrim ya ce bai taɓa kallo ba. Fadilatu ta ce ya san kalar duk rigunan mutumin.

Ranar Talata da hantsi Zibrim yana faci, ya ji ƙarar inji daga kwanar asibiti. Ya ajiye taya. Muryar Hajiya ce, amma ta yi kauri, kamar mutumin da ya je birni ya dawo da wata Hausa. Kafin ta iso ya riga ya san komai, har da garin da aka yi aikin. Ya miƙe, ya ɗaga bencin nan da suka shekara goma sha ɗaya suna zama a kai, ya juya shi ya fuskanci bango. Ya zauna ya ba hanya baya.

Hajiya ta rage gudu a gaban rumfar. Ta tsaya, injin yana aiki. Issah ya yi sallama. Zibrim ya amsa wa bango, cikakkiyar amsa har da wabarakatuhu, don shi ba ya wasa da addini. Ya ƙara da cewa Allah ya ji ƙan mamaciya. Bai juyo ba. Issah ya ɗan jira, sannan ya sa giya ya wuce.

Daga ranar koko ya koma kofi ɗaya. Garin kuwa bai taimaka ba. Masu okada suna tsayawa shan iskar taya suna ba shi labarin yadda Hajiya take cinye tudun Kpembe da cikakken lodi, wai hannun Yendi daban ne. Wani ma ya tambaye shi ko yana da lambar mutumin. Zibrim ya sa wa tayarsa iska har sai da mai ita ya roƙe shi ya bari.

Amma kunnen fita ba ya juya baya. Tun ranar farko ya ji wani ɗan ƙas-ƙas a ƙarƙashin sabuwar muryar, siriri, kamar ana taɓa cokali a bakin kofi. Irin wannan injin, kamshaf ɗinsa a ƙasa yake, bawul kuma suna sama a cikin kai. Abin da yake kai saƙo tsakaninsu sanduna biyu ne sirara, kowace ba ta fi fensir ba, masu gyara suna ce musu fushrod. Kamshaf ya tura sanda, sanda ta tura wani ɗan ƙarfe mai lilo da ake kira roka, roka ya danna bawul ya buɗe. Idan aka canza kai ko aka canza kamshaf, tazarar ta canza, dole a sake auna sandunan. In sun yi tsawo bawul ba zai rufe ba, ya ƙone. In sun yi gajere sai a yi ta bugu, roka yana cin gefen bawul, har wata rana sanda ta zame daga mazauninta. Abin da Zibrim ya ji ke nan. Sandunan Hajiya sun yi gajere.

Ba zan ɓoye ba, daɗi ya ji. Ya koma gida da rana ya ci tuwo har da ƙari. Siniya guda, mai ma'auni mai lamba, mai magana a waya, ya manta da fushrod. Kullum da safe Hajiya ta wuce, shi yana fuskantar bango yana lissafa yadda ƙas-ƙas ya zama ƙwas-ƙwas, yana gyaɗa kai kamar manomi mai duba gero.

Fadilatu ce ta gane. Ta kawo koko da kanta wata safiya daidai wucewar Hajiya, ta ga yadda kafaɗarsa ta motsa.

"Baban Sumaiya, motar nan lafiyarta ƙalau?"

"Ki tambayi likitanta. Yana Yendi."

"Kai nake tambaya. Na ga wuyanka yana bin ta."

Ya ce mata kwanan Hajiya bai fi goma ba. Ta tambaye shi ko ya gaya wa Issah, lokacin sabuwar doya ne fa, abincin gidan mutumin na shekara a bayan motar nan yake. Ya ce ba a tambaye shi ba. Ta tsaya ta dube shi, sannan ta ɗauke kofin kokon da bai kai ga sha ba, ta ce shi ma bai tambaya ba. Ta tafi da shi.

Ya so ya faɗa, wannan na yarda. Sau biyu yana tashi in ya ji ta tafe, ya kai bakin rumfa, sai ya tuna allon nan mai hoton fistin, ya koma ya zauna. Kwana tara ya yi a haka, ba da koko ba.

Ranar kasuwa da hantsi aka turo Hajiya. Issah yana riƙe da kan, mata masu doya huɗu suna turawa, lodi yana kai, motar Accra kuma tana tasha za ta tashi jibi. Ta yi ƙara ɗaya a gaban masallaci ta yi shiru. Issah ya tsaya a bakin rumfa da hula a hannu, gumi har gwiwa.

Zibrim ya juyo da bencin. Bai yi faɗa ba, fuskarsa ma har wani haske take yi. Ya shimfiɗa sabon buhu a ƙasa, ya jera sifanu, ya ce wa masu okada da suka taru su matso kusa, yau za su ga hannun Yendi da idonsu, kyauta. Har mai ƙosai ya ce ta sauke kasko ta zo.

Ya cire murfin kai. Aikin tsaf yake. Gaskit ya zauna daidai, babu ɗigon mai ko ɗaya, kowane noti an ɗaure shi da ƙarfi ɗaya da ɗan'uwansa, har ƙurar cikin haƙarƙarin silinda an wanke. A gefen sabon kan ga ɗigo biyu, ƙanana, a jere. Ya yi gyaran murya ya ce wanka ba shi ne lafiya ba, a jira a ga ciki. Sanda ɗaya ta zame daga ƙarƙashin roka, kamar yadda ya faɗa. Ya zaro ta da yatsu biyu, ya zaro ta biyun, ya ɗaga su sama yadda kowa zai gani. Ya bayyana wa jama'a cewa sabon kan ya fi tsohon tsayi, sabon kamshaf kuma ƙugunsa ya fi siranta, ko makaho ya san sanda za ta bukaci ƙari. Waɗannan kuwa ba su ma kai tsawon na kamfani ba. Ya ce yana so ya san wane mai gyaran keke ne ya yanke su.

Ya goge su da tsumma don ya nuna wurin yankan. A jikin kowace sanda, kusa da kai, ga ɗigo uku.

A nan ya tuna. Da ya goge tsohon kan shekara takwas da suka wuce, kan ya sauko ƙasa kaɗan, sandunan suka yi masa tsawo. Shi ya zare musu hular ƙarfe, ya rage su da zarto, ya mayar, ya buga alamarsa. Dabarar da bai gaya wa kowa ba ke nan, har shi kansa ya daina gaya wa kansa.

Mai ƙosai ta tambaya ko an gano mai gyaran keken.

Issah ne ya yi magana, a hankali, da Hausarsa ta Gwanja. "Masta, Abdul-Wahid ya gani. Ya auna ya ce sandan ya yi gajere. Yana da sabo a shago, na ce ya sa, ya ce a'a. Ya ce wannan alaman ɗan'uwansa ne, shi ba zai cire ba, masta ɗinku ya hana. Ya ja sukurun har ƙarshe don ya kai ni gida kawai. Ya ce ranan da na iso in kawo maka, kai za ka canza da hannunka."

"To me ya hana ka kawowa?"

"Na kawo. Na tarar ka juya benci."

Masu okada suka fara tuna cewa suna da fasinja. Cikin ɗan lokaci rumfar ta koma daga shi sai Issah sai Hajiya da kanta a buɗe. Zibrim ya duba kan bawul da farce. Roka ya ɗan ci gefe, amma bai kai ga lalata shi ba. Da an ƙara kwana biyu da labarin ya canza. Ya ce Alhamdu lillahi, a ciki-ciki, kamar mai jin haushin a ji.

Sanda mai irin tsawon da ake nema babu ita a Salaga, ta shagon Yendi kuwa Zibrim ba zai nema ba, sai a inda kan ya fito. Kafin a aika Bawku kuma sai an san tsawon, wanda ya auna kuwa yana Yendi. Issah ya danna lambar ya miƙa masa wayar. Zibrim ya riƙe ta nesa da kunne kamar tana da zafi.

"Salamu alaikum. Siniya."

Aka ji dariya daga can, irin ta mutumin da ya daɗe yana jiran kalma ɗaya. "Ɗigo Uku, kana raye? Na ga gugar da ka yi wa tsohon kan nan, ba ka buga masa alama ba shi ya sa na cire, amma na san hannunka. A kan gilashi ka yi?"

"A kan gilashi."

"Na sa ma'auni ban samu karkata ko ta gashi ba. Na ajiye shi a kan tebur ina nuna wa mutane. Ka aiko a ɗaukar maka, naka ne."

Zibrim bai shirya wa wannan ba. Ya yi tari, ya tambayi iyali, sannan ya tambayi lambar. Abdul-Wahid ya ce a ɗora milimita biyu da rabi a kan tsawon na kamfani. Zibrim ya ce to, za a duba. Da ya kashe wayar ya ce wa Issah lambar gilashi ba ta taɓa tayar da inji ba. Ya sa aka kira Jalil a Bawku, ya ce a aiko da sanduna kala uku, masu ƙarin biyu, da biyu da rabi, da uku, shi zai zaɓa. Jalil ya kira shi Baba sau wajen goma a cikin wayar, ya ba da haƙurin rashin neman shawara tun farko. Washegari da la'asar saƙon ya iso ta Tamale, a naɗe cikin jarida, a tsakiyar buhun albasa. Albasar ta gidan Masta ce.

Yadda Zibrim yake auna sanda, a wurin Masta Abdul-Rashid ya koya, sai dai shi dattijon da baƙin fitila yake yi. Zibrim tun da ya yi aure ya gano kwallin Fadilatu ya fi kama ƙarfe. Shekara talatin tana ɓoye tandunta yana ganowa. Wannan karon da kanta ta kawo, tare da koko kofi biyu, duk da ba lokacin koko ba ne.

Yakan shafa kwallin a kan bawul, daidai inda roka yake taɓawa, har wurin ya yi baƙi ƙirin. Ya sa sanda, ya ɗaure, ya daidaita sukuru, a juya injin da hannu sau uku ko huɗu, sannan ya kwance ya duba sawun da roka ya bari a cikin baƙin. In sawun ya karkata ciki, sanda ta yi gajere. In ya karkata waje, ta yi tsawo. Wanda ake nema siririn layi ne a tsakiya, kamar tsagar kitso.

Ya fara da mai ƙarin uku, don ba ita Siniya ya faɗa ba. Issah ya taka kik a hankali. Sawu ya fita waje. Ya goge, ya sake shafa kwalli, ya sa mai ƙarin biyu, yana fatan alheri. Sawu ya ɗan shiga ciki. Ya ce hasken wurin ne ba shi da kyau, ya sake gwada ta. Ya shiga ciki. Fadilatu ta ce kwallinta ba na gwamnati ba ne, a yi a gama.

Ya ɗauki ta tsakiyar. Da aka kwance, layin yana tsakiyar bawul, siriri, miƙaƙƙe, kamar an ja shi da reza. Ya daɗe yana kallonsa. Issah ya tambaya ko ya yi. Zibrim ya ce kwalli ya ce biyu da rabi, kuma a gaya wa mutumin Yendi cewa gilashinsa ya yi sa'a.

Ya ɗaure komai, ya zuba sabon mai. Bugu ɗaya Hajiya ta tashi, muryar nan mai kauri, babu cokali babu kofi. Issah ya zauna a benci ya sa fuska a tafin hannu na ɗan lokaci, sannan ya sha kokonsa da ya huce.

Kafin ya rufe, Zibrim ya riga ya buga ɗigo uku a jikin sababbin sandunan. Ƙusar tana hannunsa, guduma tana ɗaya hannun, sai idonsa ya sauka a kan ɗigo biyun nan na gefen kai. Akwai fili a kusa da su, daidai na ɗigo ɗaya. Bugu guda, ba mai ƙarfi ba ma, kan ya zama nasa har abada, duk fitan da ya buɗe bayan ransa ya karanta uku. Ya ɗora tsinin ƙusar a wurin. Issah yana kallon hanya. Fadilatu tana ɗaure bakin tandu, ba ta ɗago ba, ta ce ita dai ta ji an ce Masta Abdul-Rashid mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa.

Zibrim ya ce amin. Ya jefa ƙusar cikin gwangwani.

Doyar ta samu motar Accra. Bencin yana fuskantar hanya, koko ya koma kofi biyu, tsohon kan ya dawo daga Yendi yana rataye a jikin darbejiya inda kowa zai gani ya tambaya. Masu okada har yanzu in Hajiya ta haye tudun Kpembe sukan ce hannun Yendi ne, shi kuma ya ce su buɗe ciki su ga wanda yake ɗaga mata bawul. Duk wata uku Issah yana kawo ta canjin mai. In Masta ya gama, ya goge injin tas har yana ƙyalli, sai ya lakato baƙin giris da babban yatsa, ya dangwala a gefen kai wajen ɗigo biyun nan, a wuri ɗaya kullum. Ya ce maganin tsatsa ne.